Saita Kwamfutar Injin Mota: Da Hannunka Ko A Wurin Masu Sana'a?

Tun da allurar mai ta kori kafireta, ƙarfin mota ya tashi daga hannun mai sukundireba ya koma cikin ɗan akwatin nan da kanikawa ke kira biren bos. Ita ce kwamfutar inji. Ita ke yanke yawan man da nozul zai fesa, da lokacin da filogi zai ba da wuta, in kuma motar mai turbo ce, ita ke ƙayyade iskar da za a tura. Duk wannan a rubuce yake cikin jadawalin da kamfani ya tsara wa injin kamar yadda ya fito daga masana'anta. Ranar da ka canza salansa, ko ka sa manyan nozul, ko ka ɗaura turbo, ko ka mayar da motar mai aiki da iskar gas, injin ya canza amma jadawalin yana nan yadda yake. A nan ne mai mota ke tsayawa yana tunani: in sayi waya da manhaja in saita da kaina, ko in kai wa masu yi?

Aikin nan kashi biyu ne, kuma haɗa su wuri guda shi ke jawo wa mutane asara. Akwai karanta abin da kwamfutar ke gani, akwai kuma rubuta mata sabbin lambobi. Karatu na kowa ne, ba ya lalata komai, kuma ina ganin duk wanda ya taɓa injin motarsa ya zama dole ya koye shi. Rubutu kuwa yana da sharuɗɗa, kuma ba kowa ne ya cika su ba, har cikin masu kafa allo a bakin titi suna cewa sana'arsu ke nan.

Kafin a je ko'ina, ka tabbatar motarka tana cikin masu buƙata. Corolla mai inji 1.8 ko Camry mai 2.4 da ba a canza musu komai ba, abin da saiti zai ƙara musu ɗan kaɗan ne, da ƙyar ma ka ji shi a ƙafarka. Injin da ke shaƙar iska da kansa ba shi da wani ɓoyayyen ƙarfi mai yawa. Wanda ya ce zai mayar maka da Corolla jirgi da kwamfuta kawai, totur ya sa ya riƙa saurin amsawa, ƙarfin yana nan inda yake. Masu turbo, irin BMW 335i mai inji N54 ko Golf GTI, su ne ake iya ƙara wa kashi 20 cikin 100 ko fiye ba tare da an kwance ko da noti ɗaya ba, domin iskar da turbo ke turawa a hannun kwamfuta take. Su ne kuma suka fi saurin bugawa in aka yi ganganci.

Lafiyar mota tukuna

Yawancin motocinmu na hannu ne, sun yi shekaru a Amurka ko Turai kafin su zo, sun kuma bi ta hannun kanikawa iri-iri bayan sun zo. Abubuwa uku sun zama ruwan dare: an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi, an fasa salansa an kwashe indomi, wato matatar hayaƙin da ke ciki, an kuma kashe fitilar cek ko an liƙe ta don kada mai saye ya gani. Motar da ke cikin wannan hali ba a saita ta. An gina injin ya yi aiki da ruwan lagireto a wajen digiri 85 zuwa 95. In babu tamostat, musamman da sanyin asuba a lokacin hunturu, ruwan ba ya kai wa nan, sai kwamfuta ta ɗauka injin bai gama ɗumi ba, ta yi ta ƙara mai. Duk lambar da ka karanta a wannan yanayi ta ƙarya ce, duk saitin da ka ɗora a kanta ma haka.

Saboda haka a mayar da tamostat, a sa sabbin filogi na ainihi masu lambar da ta dace, a duba kwayil, a wanke sensar iska da ƙurar hunturu ke dasƙarewa a kanta, a auna ƙarfin famfon mai da ma'auni ba da kunne ba, a kuma auna matsin kowace silinda. In silinda ɗaya ta yi ƙasa da 'yan uwanta sosai, kuɗin saiti ya tafi gyaran inji. Kuloci ko giyar da ta fara zamewa ma ba za ta ɗauki ƙarin ƙarfi ba.

Karatu

Ka leƙa ƙarƙashin sitiyari, za ka ga wata kafa mai ramuka 16. Ita ce OBD-II. Amurka ta wajabta ta a kan motoci tun daga ƙirar 1996, Turai kuma ta bi baya a 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal. Ɗan abin da ake cusawa a nan, irin mai ELM327, bai kai kuɗin cika tanki ba, kuma yana magana da wayarka ta Bluetooth da manhaja irin Torque. Mutane da yawa suna amfani da shi don goge lambar matsala kawai, alhali babban amfaninsa yana wajen lambobin da ke motsi lokacin da injin ke aiki.

Biyu daga ciki sun fi kowanne muhimmanci, za ka gan su an rubuta STFT da LTFT. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1 a tafiyar yau da kullum. Sensar da ke jikin salansa tana sansano hayaƙi ta gaya wa kwamfuta ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ita kuma ta gyara. Lambobin nan biyu su ne girman gyaran, na farko na nan take, na biyu wanda ta riƙe a ƙwaƙwalwarta. In jimillarsu tana yawo tsakanin 5 sama da 5 ƙasa, lafiya lau. In ta wuce 10, akwai magana. In ta doshi 25, fitila za ta kama da lambar P0171, wato mai ya yi kaɗan, ko P0172, mai ya yi yawa.

Ga yadda ake cin moriyarsu. Mota ta yi ɗumi, tana tsaye tana silo, allon wayarka ya nuna +18. Ka taka totur ka riƙe juyin inji a 2,500, sai lambar ta sauko +4. Wannan iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, wataƙila tiyo ya tsage ko gasket ya saki, domin ɗan ramin yana da tasiri ne lokacin da iskar da injin ke ja ba ta da yawa. In kuwa akasin haka ne, a tsaye lafiya amma da ka hau titi ka taka sai lambar ta yi sama, to ka tuhumi famfon mai, ko matatar mai, ko sensar iska. Ka ga ke nan da ɗan abin da ke aljihunka ka raba matsala biyu da wani zai ce maka biren bos ce ta mutu. Ka saba da duba zafin ruwa, da zafin iskar da ke shiga inji, da digirin wutar filogi. In manhajarka tana ajiye bayanan tafiya, ka ajiye na motar tun tana lafiya, don ka sami abin kwatantawa gobe.

Fetur ɗinmu da zafinmu

Abin da ke kashe injin da aka saita shi ne ƙwanƙwasa. Filogi ya ba da wuta, wutar tana bin cakuɗen mai da iska a hankali, sai ragowar da ke gefe ya fashe da kansa saboda zafi da matsi kafin wutar ta iso. A kunne kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwani ne, wani lokaci ma ba a ji sam saboda ƙarar salansa. Wanda ya taɓa ganin fiston ɗin da ƙwanƙwasa ta ci ba ya mantawa: samansa ya yi tabo-tabo kamar an caccaka da allura, gefen da ke riƙe ringi ya ɓalle, a jikin farin kaskon filogi kuma ga ƙananan ɗigo-ɗigo masu ƙyalli, alminiyon fiston ne da ya narke. Wannan ɓarnar tana iya faruwa cikin taku ɗaya na totur.

Abin da ke hana fetur fashewa da kansa shi ne oktan ɗinsa. A Turai fetur na gama-gari 95 ne, mai tsada 98. Amurka tana lissafi da wani ma'auni daban, 93 ɗinsu ya yi daidai da wajen 98 na Turai. Mu a Najeriya famfo ɗaya ne a gidan mai, ƙa'idar fetur ɗin tana wajen 91, kuma babu mai tabbatar maka abin da ka sha yau shi za ka sha gobe. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol har aka janye shi daga kasuwa, layukan mai suka dawo. Ga kuma na 'yan bumburutu da ake gaurayawa. Ka haɗa wannan da ranar Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, zafi ya haura digiri 40, mota ta daɗe a cunkoso har iskar da ke shiga inji ta yi zafi jau. Fayil ɗin da wani ya rubuta a Jamus don fetur 98 da sanyin ƙasarsu, riga ce da aka ɗinka da awon wani. Gaskiya ne injin yana da sensar ƙwanƙwasa da ke sa kwamfuta ta ja wuta baya, amma iyakarta ƙayyadadda ce, kuma sai ƙwanƙwasar ta auku take ji.

Har tsayin ƙasa yana da tasiri. Jos tana sama da teku da mita 1,200 da wani abu, iskarta ba ta da nauyin ta Legas. Motar da aka matse saitinta a Jos da sanyi, in ta gangaro ƙasa mai zafi, matsin cikin silinda zai ƙaru.

In ka ce da kanka za ka yi

Kayan aikin sun danganta da motar. Masu Honda suna da Hondata da KTuner, masu BMW suna da MHD da bootmod3, HP Tuners ta fi ƙarfi a motocin Amurka irin Ford da Chevrolet, masu Subaru kuma suna da Cobb ko RomRaider na kyauta. Wanda ya ɗora inji a jikin wata mota daban, ko ya sa turbo a injin da bai zo da shi ba, yakan koma ga kwamfuta mai zaman kanta, irin MegaSquirt, Speeduino ko Haltech, inda kusan komai daga farko zai rubuta. Akwai kuma na'urorin jabu masu kwaikwayon KESS da ake sayarwa da arha a intanet. Araha ba ta ado. Su ne suka fi yawan kashe kwamfuta a tsakiyar aiki.

Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa shi ne ma'aunin cakuɗen mai mai faɗin karatu, irin na AEM ko Innovate da ke aiki da sensar Bosch. Sensar da tsofaffin motoci da yawa suka zo da ita, a kusa da 14.7 kaɗai take gani, kuma da ka take totur har ƙasa kwamfuta takan daina saurarenta. A daidai wurin da haɗarin yake ke nan ba ka ganin komai. A cikakken totur, injin da ba shi da turbo yana son wajen 12.5 zuwa 13, mai turbo kuma 11.5 zuwa 12, domin rarar man tana sanyaya silinda. In ka ga 14 a ma'auni alhali turbo na hurawa, ɗaga ƙafarka nan take.

Ranar rubutu, fara da kwafe fayil ɗin asali na motar, ka ajiye shi wuri biyu ko uku, har da imel ɗinka. Ka haɗa batir da caja mai riƙe wuta wajen bolt 13, ka kashe fitilu da rediyo da fankar ciki, ka cika cajin kwamfutarka ta tafi-da-gidanka ka hana ta yin barci. Kada ka dogara da wutar gari ko janareta mai rawa. Rubutun 'yan mintuna ne, layi yana tafiya a allo, fankar lagireto ma takan tashi da kanta a wasu motoci tana zuƙe batir. In wuta ta faɗi ko waya ta motsa a wannan tsakani, kwamfutar motar tana iya mutuwa, ka murɗa makulli shiru. Sayen wata a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ba ya ƙare magana, domin a yawancin motocin zamani sai an sake haɗa ta da makullin motar kafin ta tashi.

Saitin kansa kuma da haƙuri ake yin sa. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Mai ake fara daidaitawa, daga silo zuwa tafiyar gari, har STFT da LTFT su dawo kusa da sifili, sannan a je ga cikakken totur. Ana gwajin ne a giya ta uku, daga wajen 2,000 zuwa kusa da jan layi, a dawo a zauna a karanta bayanan, a gyara kaɗan, a sake. Wutar filogi ce ta ƙarshe, digiri ɗaya-ɗaya, kuma da ka ga kwamfuta ta fara ja baya, ka rage digiri biyu ka bar wa mugun fetur wuri. Ka yi gwajin ƙarshe da tsakar rana, ba da daddare ba. Mutum biyu ake yi, ɗaya na tuƙi, ɗaya na kallon allo. Ina roƙon matasanmu da babbar murya a kan wannan: giya ta uku a cikakken totur tana kai mota gudun da ya wuce kilomita 100 a awa, a titin da babur da Adaidaita Sahu da dabbobi da yara 'yan makaranta ke ratsawa. Ran mutum ɗaya ya fi duk ƙarfin dokin da za ka ƙara wa inji.

Akwai kuma iyakar da titi ba ya wucewa. Akwai matakin da in wutar filogi ta kai, ƙarfi ba ya ƙaruwa, sai dai matsi a kan fiston. Ba a gane wannan mataki da jin jiki. Sai a kan daino, na'urar da ake ɗaure mota a kai tayoyinta su juya ganguna tana auna ƙarfi, kuma wuraren da ke da ita a ƙasashenmu ba su da yawa.

In ka ce shago za ka kai

Abin da kake biya a wurin ƙwararre shi ne idon da ya ga irin injinka sau da yawa, da kayan awo, da kayan farfaɗo da kwamfuta in ta mutu. Amma allon shago ba shaida ba ne. Da yawa abin da suke yi shi ne su kwafi fayil ɗinka, su aika wa wani a waje ko su ɗauko wani daga tarin da suka saya, su ɗora, su miƙa maka makulli. Ba laifi ba ne a yi aiki da masani na nesa, in dai ana aika masa bayanan tafiyar motarka a kan fetur ɗinmu yana gyarawa har sau uku ko huɗu. Wannan ma hanya ce mai kyau ga wanda ya iya karatu amma bai kai ga rubutu ba: kai ke tuƙi kana tara bayanai, shi yana rubutawa. Laifin shi ne a ɗora sau ɗaya a sallame ka.

Tambayoyi kaɗan za su nuna maka wanda kake gabansa. Ka ce masa, "Oga, a kan wane fetur aka rubuta fayil ɗin nan? Za ka ba ni na asali in tafi da shi? Bayan an ɗora za mu fita mu ga cakuɗen mai da ƙwanƙwasa tare?" Mai sana'ar gaskiya zai ji daɗin tambayar, wataƙila ma shi zai riga ka da cewa, "Alhaji, sai mun duba lafiyar motar tukuna." Wanda ya ce, "Kai dai bar mana, ai mun saba," ko ya ɗora ba tare da ya ɗaga bonet ba, ɗauki motarka ka tafi. Ka kuma tambaye shi lambobin matsala nawa ya kashe. Wasu suna kashe sa-idon kwamfuta a kan sensa don fitila ta mutu, kai kana murna an gyara, alhali bakin mai faɗa maka gaskiya aka toshe. Shi kuwa saitin da ke sa salansa harbi kamar bindiga da samari ke so a wajen biki, mai ne ake ƙonawa a cikin salansa, yana cin turbo da indomi, ba ya ƙara ko doki ɗaya.

Masu gas

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, motocin da aka fi yi wa canji a ƙasar nan ba na masu tsere ba ne, na masu neman sauƙi ne da suka koma iskar gas ta CNG. Su ma suna da saiti. Ana ƙara wata ƙaramar kwamfuta da ke leƙen tsawon lokacin da ta asali ke buɗe nozul ɗin fetur, ta fassara shi zuwa na gas. Gwajin ingancin aikin a hannunka yake. Ka duba STFT da LTFT a kan fetur, ka danna maɓalli ka koma gas, ka sake dubawa a tsaye da kuma a kan tafiya. In an saita daidai, lambobin ba za su yi nisa da juna ba. In suka yi tsalle sama, gas ya yi kaɗan, kuma wannan yana ƙona bawul a hankali. Raguwar ƙarfi ta wajen kashi 10 cikin 100 ba matsala ba ce, halin gas ne. Na'urar rage matsin gas da ruwan lagireto take ɗumi, don haka motar da ba ta da tamostat za ta wahalar da kai a nan ma.

Amma tukunyar gas da bututunta ba wurin gwajin hannu ba ne ko kaɗan. Matsin da ke ciki ya kai bar 200. A watan Oktoban 2024 tukunyar da ba ta cika ƙa'ida ba ta tarwatse a wani gidan gas a birnin Benin ta jikkata mutane. Wannan aiki a cibiyar da hukuma ta amince da ita kaɗai ake yin sa.

Hukuncina a kan tambayar farko shi ne: in motar ita ce ta zuwa aiki da kai yara makaranta, ko da ita kake neman abinci, kada ka koyi rubutu a kanta. Ka koyi karatu, ka gyara lafiyarta, ka kai wa wanda ya amsa tambayoyin nan ba tare da ɓata rai ba, ka ce masa saiti mai sauƙi kake so na fetur ɗin gida, ka karɓi fayil ɗinka na asali kafin ka biya. In kuwa kana da mota ta biyu da za ta iya kwana wata guda a gareji ba ka shiga damuwa ba, kana da ma'aunin cakuɗen mai, kana kuma da kuɗin wani injin a ajiye, to bismillah, ka fara da jadawalin mai, ka bar wutar filogi yadda kamfani ya sa ta har sai hannunka ya faɗa.